Allo Biyu da Muryar Kaka

A hutun damina, bayan ta ƙare shekararta ta farko ta mastar a fannin nazarin harsuna a Yamai, ta shiga mota zuwa Tawa, daga can ta nufi ƙauyen kakarta ta wajen uwa, cikin duwatsun Adar, ba nisa da Keita. Wayar hannu kawai ta ɗauka da ɗan littafin rubutu. Niyyarta ta naɗi maganar tsohuwar, ta gina kundinta a kai. Kwana goma sha biyu ta yi tana jingina wayar jikin turmi da hantsi, kakar tana zaune bisa tabarma tana magana. Mafi yawan hirar a kan yunwar 1984 ce, wadda mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari, da kuma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a wannan shekarar da kuɗin ƙasar Italiya, inda mata suka fi yawa cikin masu jidar duwatsu, ana biyan su da abinci. Kakar tana cikin waɗannan mata. Idan ta gaji sai ta dubi wayar ta ce, "Kishiyata, wagga aba taki ba ta gajiya da saurare?" Da jikar ta koma Yamai, tana da hoton bidiyo na kimanin awa tara.

Duk ɗalibin da ya taɓa juya magana zuwa rubutu ya san naɗar ita ce mai sauƙi. Kayan aikinta kwamfuta ce ta hannu, tsohuwa, mai allo inci 14, wadda wani kawunta ya bar mata. Ta buɗe bidiyon a VLC, ta buɗe Word don rubutu. Da yake maɓallan kwamfutar na Faransanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, sai ta ajiye wani ɗan fayil na dabam inda take kwafo waɗannan haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ga littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar a buɗe, ga ƙamusun Bargery na 1934 wanda take dubawa idan ta sami intanet. Taga biyar ke nan a kan allon da bai wuce faɗin littafin makaranta ba, kowace ta rufe ƴar'uwarta. Sai ta saurari jimla, ta tsayar da bidiyon, ta danna Alt da Tab, ta faɗa Word, ta rubuta, ta sake dannawa ta koma. Babban yatsanta na hagu ya saba da wannan har yana yi ba da saninta ba. A wata huɗu ta rubuta awa uku, kuma tana ganin ta yi ƙoƙari.

Cikin ɗarin wannan shekara aka bugo waya daga ƙauye cewa Allah ya yi wa kakar rasuwa. Ta je ta yi kwana bakwai ta dawo. Sai da ta sake zama gaban kwamfutar ta gane abin da ya sauya a aikinta: a da, idan wata kalma ta shige mata duhu, tana sa alama da niyyar in ta koma gida za ta tambaya. Yanzu abin da ke cikin awa taran nan shi ke nan.

Batun kundin nata shi ne lamirin shuɗaɗɗen lokaci na biyu. A Hausar yamma ana cewa munka, kunka, sunka, anka, inda daidaitacciyar Hausa ke cewa muka, kuka, suka, aka. Da ta ƙirga abin da ta rubuta, sai ta ga kusan ɗaya cikin uku na wuraren kakar ta yi amfani da sigar da ba ta da n. Wannan ya faranta mata rai ƙwarai. Ga tsohuwa wadda ba ta taɓa shiga lakkol ba, ba ta taɓa zama birni ba, amma tana gauraya siga biyu. Ta rubuta shafi goma sha biyar tana bayanin yadda rediyo da ƴan cin rani masu dawowa daga kudu suke shigar da Hausar Kano har cikin bakin tsofaffin Adar. Ta kai wa malamin da ke duba aikinta.

Malamin ya karanta a gabanta, yana juya shafi a hankali. Can ya ɗaga kai.

"Malama, kakar nan taki, ta taɓa aure a Kano?"

"A'a, Malam. Ko Konni sau biyu ta taɓa zuwa."

"To kunna mani minti na goma sha huɗu."

Ta kunna. A takarda an rubuta, "Da muka tafi sai muka tarar mata sun cika wurin." Daga kwamfutar kuwa muryar tsohuwar ta fito sarai: "Da munka tahi sai munka ishe mata sun cika wurin." Ya sa ta kunna wani wuri. Takarda ta ce "gaskiya ce", kaka ta ce "gaskiya ta". Takarda ta ce "biyar", kaka ta ce "biyat". Bai yi mata faɗa ba. Ya miƙo mata takardun ya ce, "Abin da kika auna a nan, Hausarki ce. Koma ki saurari tata."

Ta fita ta gangara har bakin gadar Kennedy kafin ta tuna ba can za ta ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba ta san lokacin da ta yi hakan ba. Ba ganganci ta yi ba, kunnenta kuma lafiya lau; da Malam ya kunna, tun kafin ya ce komai ta ji n ɗin. To a ina maganar take sauyawa tsakanin kunne da yatsa?

Amsar tana cikin darasin da ta riga ta yi a shekara ta uku ta lisans, ta ci jarrabawarsa, ta manta. A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka kawo bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci yayin da mutum yake aiki da shi. A cikin wannan tsari akwai sashen da ke riƙe sautin magana, kuma abin da ya riƙe yana dushewa cikin kamar daƙiƙa biyu, sai fa idan mutum ya ci gaba da maimaita shi a zuci. Kowa ya san wannan a aikace: wanda aka faɗa wa lambar waya yana ta nanata ta har ya sami alƙalami. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mai maimaitawa da muryarsa yake maimaitawa. Tsakanin tsayar da bidiyo, danna Alt da Tab, faɗawa taga da ba ita ake nema ba, sake dannawa, neman inda aka tsaya a shafi, daƙiƙa biyu sun daɗe da wucewa. Muryar kaka ta tafi, saura ta jikar tana nanata jimlar. Ita kuwa jikar a Yamai ta girma, da Faransanci ta yi karatu, Hausar da ta taɓa gani a rubuce ta littattafan Kano ce da ake haya a kasuwa, wadda take ji kuma ta BBC da RFI da finafinai. A gida takan ce munka idan tana hira da mahaifiyarta, amma hannunta bai taɓa rubuta munka ba. Idan jimla gajera ce, tana isa Word da ranta. Idan doguwa ce, ko kuma an tsaya kwafo ƙ daga wancan fayil, sai ta iso an yi mata kwaskwarima. Shi ya sa kuskuren bai zo ko'ina ba, ya zo jefi-jefi, ya yi kama da gaurayar kare-karen harshe, har ya isa a gina masa babi.

Wani ɗalibin dakta da suke gaisawa shi ne ya fara cewa ta bar Word ta koma ELAN, manhajar da Cibiyar Max Planck ta Nijmegen a ƙasar Holan ta yi don irin wannan aiki. A cikinta bidiyo da zanen sauti da layukan rubutu duk suna taga ɗaya, mutum ya yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ya maimaita ta sau nawa ya ga dama yana rubutu a ƙarƙashinta. Ya sa mata Keyman don ta riƙa buga haruffa masu lanƙwasa kai tsaye, har da ƴ da dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tanada. Rabin matsalar ya tafi a ranar, kuma adalci ne a faɗi haka, domin masu yabon allo biyu sukan ba shi ladan da ba nasa ba. Sai dai da ta jera layukan da take bukata, na rubutun yau da kullum, na furuci, na rarraba kalma, na fassarar Faransanci, na sharhi, sai allon ya cika. Fuskar kakar ta koma kamar kan sarki a kusurwa. Idan kuma tana son auna tsawon wasali ko ganin karin sauti, dole ta tura gunduwar zuwa Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka yi a Jami'ar Amsterdam, ita kuma Praat tagogi take buɗewa har biyu da uku. Alt da Tab suka dawo.

A shagon da take buga takardu ta ga abin. Mai shagon yana da allo biyu a teburinsa, takardar da aka ba shi a ɗaya, wadda yake shiryawa a ɗayan, yana duban hagu yana bugawa a dama, linzamin yana ƙetarewa daga wannan zuwa wancan kamar babu iyaka a tsakani. Ta tambaye shi ko kwamfuta biyu ce. Ya yi dariya ya ce ɗaya ce, waya ce kawai.

Ranar Asabar ta tafi kasuwar Katako. A rumfar wani mai gyaran talabijin ta sami allon tebur inci 19, irin waɗanda ofisoshi ke zubarwa, gefensa ya fashe an ɗaure da salatif. Ya so ya sayar mata da ƙaramar talabijin, ya ce ta fi girma kuma ga kallo. Da aka jona sai rubutu ya fito da gashi-gashi, gefen hoton kuma ya yanke, domin talabijin an yi ta ne don a kalla daga nesa. Ta ce allon take so. Nan wata matsala ta ɓullo: allon tsohon kai gare shi, VGA, shuɗi mai ƙusa biyu, kwamfutarta kuwa HDMI kawai take da shi. Ya shiga cikin rumfa ya fito da ƴar mahaɗa mai juya wannan zuwa wancan. "Hajiya, wannan ita ce maganin. Kada ki ja ta da ƙarfi, ba ta da rai biyu." Suka yi ciniki, kuɗin ya cinye abin da ta ware don sabon atamfa na salla. Ta ɗora allon a cinya cikin taksi har Harobanda.

Da ta jona a ɗaki, allon ya nuna daidai abin da ke kan kwamfutar, hoto ɗaya sau biyu, ta zaci an cuce ta. Sai ɗalibin nan ya gaya mata ta waya: ta danna maɓallin Windows tare da P, ta bar Dupliquer ta zaɓi Étendre. Nan take teburin ya faɗaɗa. Ta ɗauki kwana biyu tana gwada jeri. Daga ƙarshe ta tsaya a kan wannan: babban allon a gabanta sosai, ɗore bisa ƙamus biyu don ya zo daidai idonta, ɗauke da ELAN da layukansa duka; kwamfutar a hagu, ɗauke da bidiyon kakar da ta cire daga tagar ELAN ta buɗe shi ya cika allo, ko kuma Praat idan aikin na awo ne. Da farko ta ajiye su gefe da gefe tana zaune a tsakiya, wuyanta ya ƙage kafin mako ya ƙare, sannan ta gane dole ɗaya ya zama uwargida.

Abu na farko da ta lura da shi, ta daina maimaita jimla a zuci. Babu abin da za ta riƙe, tunda komai yana gabanta. Ido ne kawai ke tafiya, kuma tafiyarsa ba ta kai ƙiftawa ba. Abu na biyu ba ta yi tsammaninsa ba. Da fuskar kakar ta cika allo, sai ta fara ganin magana. Inda ta rubuta "fara" da "faɗi", ga leɓɓan tsohuwar suna zagayewa, hwara, hwaɗi. Inda ta yi kokonton ko "nan" ne ko "can", ga kakar tana turo baki tana nuna tudun da ke bayan gida. Akwai wurin da ta rubuta "gari ya ƙare" ta fassara shi da cewa ƙauyen ya watse saboda yunwa. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, don haka garin zama da garin tuwo kamanninsu ɗaya a takarda. Da ta tura gunduwar Praat, ga wasalin farko dogo shimfiɗe a allon hagu, ga fassararta a allon gaba tana kallon ta. Garin da ake ba su a wurin aiki ne ya ƙare. Ta gyara, ta zauna shiru na ɗan lokaci, tana tunanin mutum nawa ta kora daga ƙauyen da alƙalaminta.

Masu sayar da allo suna son maganar sauri. Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Utah ta Amurka da ake yawan ambata, wanda ya nuna mutane suna gama aikin ofis da wuri idan allo ya ƙaru ko ya faɗaɗa, kodayake kamfanin NEC mai ƙera allo ne ya ɗauki nauyinsa, kuma aikin da aka auna na gyaran takardu ne da jadawalin lissafi. Ita dai ba ta ga sauri ba a watan farko. Minti ɗaya na magana ya koma yana cin lokaci fiye da da, saboda yanzu tana ganin abin da a da yake wuce ta, kuma duk abin da ta gani sai ta tsaya a kansa. Inda ta sami sauƙi shi ne ba ta komawa baya. Abin da ta rubuta ranar Litinin yana nan daram ranar Juma'a. Awa ukun farko kuwa, na wata huɗu, sai da ta sake su daga tushe.

Allon ya zo da nasa halin. Kwamfutar hannu tana da batir, shi ba shi da shi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa, sai ya mutu tsakiyar jimla, tagogin duka su ruɗo kan ƙaramin allon su hau kan juna. Ta koyi raba aikinta gida biyu: mai bukatar ido da kunne tare, idan akwai wuta; karatu da gyaran fassara, idan babu. Ɗakin kuma ya ƙara zafi, abokiyar kwananta ta yi ƙorafin haske da dare har sai da aka rataya zane a tsakani.

Akwai kuma abin da ta fi jin kunyar faɗa. Wata rana tana aikin da ba ya bukatar bidiyo, allon hagu ya zauna fayau, sai ta buɗe WhatsApp a kai, wai don kada ta riƙa ɗaukar waya. Mako biyu ya yi a wurin. Saƙon rukunin ajinsu, na dangi, na bikin wata ƙawa a Maraɗi, kowanne yana motsi a gefen idonta. Da ta duba aikin waɗannan makonni sai ga "suka" guda huɗu da kaka ba ta faɗa ba. A da sai ta danna maɓalli hankalinta ke barin muryar, yanzu ko dannawa ba ta yi. Ta rufe shi, ta kafa wa kanta doka: allon hagu na kaka ne, in ba ta kansa, a kashe shi. Ɗalibin daktan ya ce ta ƙara na uku, a tsaye, don ƙamus da littafin Caron. Ta ce teburinta bai kai ba, kuma ido biyu gare ta.

A ƙarshen watan Yuni ta gama awa tara, ta sake ƙirga. Sigar da ba ta da n ba ta ɓace gaba ɗaya ba, saura wuri bakwai. Ta saurari kowanne sau da yawa, ta duba zanen sautin, babu n, da gaske kakar ce ta faɗa. Ta jera su bakwai ɗin a babban allo, ta riƙa kunna bidiyonsu ɗaya bayan ɗaya a na hagu. A duka bakwai, kafin ta furta, tsohuwar tana gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta sa hannu a ƙugu. Kwaikwayon wani ma'aikaci take yi, baƙo, wanda ke rubuta sunayen mata a wurin rabon abinci yana yi musu magana da Hausar birni. Ashe ta san siga biyun sarai, ta san kuma ta wa ce kowace. Tana aron ɗayar ne idan za ta yi wa mai ita dariya. Babin shafi goma sha biyar ya tafi kwandon shara, wani mai shafi tara ya maye gurbinsa, a kan yadda mai ba da labari ke sauya karin harshe don ta sa wa mutum murya.

Malam ya karanta wannan ma a gabanta. Ya sa ta kunna wuri na uku cikin bakwai, ya kalli tsohuwar ta ɗaga haɓa, ya yi dariya har ya cire tabarau. "Allah ya jiƙan ta," ya ce. "Kawo mani sauran kafin ƙarshen wata."

Allon yana ɗakin wata ƴar shekarar farko yanzu, wadda ta dawo daga Damagaram da awa shida na hirar mahauta. Mahaɗar ta mutu kwana uku bayan an kai mata, sai da ta koma Katako.